Yaya ƙananan kamfanonin waƙa ke rayuwa da faifai 500?

Ƙanena, ka ce ka ga wasu ƙananan kamfanonin waƙa a Turai da Amurka suna fitar da kiɗan post-punk da sauran kaɗe-kaɗen gwaji a kan faifan garmaho, kwafi 300 ko 500 kacal, alhali kowa a waya yake sauraron waƙa yanzu. Kana son sanin abin da suke samu a ciki, da abin da ya hana su durƙushewa.

Da farko dai, da yawansu suna durƙushewa, har da fitattun cikinsu, kuma zan zo kan wannan. Waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu kuwa, abin da ya riƙe su shi ne lissafin faifai yana tafiya ko da mutane kaɗan ne. Mawaƙin da mutum 500 ne kawai a duniya suka gane abin da yake yi, babu wani abin kirki da zai ɗauka a manhajar sauraro. Amma idan mutum 500 ɗin nan kowa ya sa hannu a aljihu ya sayi faifai guda, an mayar da kuɗin situdiyo, an sallami masana'anta, har an rage na buga na gaba. A kan wannan aka gina harkar tun 1977, kuma har gobe a kansa take tsaye.

Kiɗan punk ya ɓarke a Ingila a 1976, da gajerun waƙoƙi masu sauri da hayaniya. Manyan ƙungiyoyinsa biyu, duk da zafin bakinsu, hannun manyan kamfanoni suka faɗa: Sex Pistols suka fara da EMI, The Clash suka tafi CBS. Matasan da suka biyo baya, daga 1978 zuwa wajen 1984, sun ɗauki ƙarfin halin punk amma suka gaji da ƙuncin salonsa. Sai suka jawo kiɗan dub na Jamaika, da funk na baƙaƙen Amurka, da sautin injinan lantarki na Jamus. Jitar bas ta dawo gaba tana jan ragamar waƙa, muryar mawaƙi ta yi sanyi ko ta koma magana, wasu ma ƙarafa suke duka a madadin ganga. Wannan shi ne post-punk. Ƙalilan daga cikinsu, irin su Gang of Four, sun sami shiga EMI daga baya. Mafi yawa kuwa babu babban kamfanin da zai saurare su, domin babban kamfani dubban ɗaruruwan kwafi yake lissafi.

Waɗanda suka buɗe ƙofar wasu samari ne na Manchester, ƙungiyar Buzzcocks. A ƙarshen 1976 suka ranto kimanin fam 500 daga dangi da abokai, suka shiga situdiyo tare da mai sarrafa sauti Martin Hannett, suka ɗauki waƙoƙi huɗu. A Janairun 1977 suka fitar da su a ƙaramin faifai mai suna Spiral Scratch, da sunan kamfaninsu na kansu, New Hormones. Kwafi 1,000 suka fara bugawa suna fargabar ko za su mayar da kuɗin mutane. Daga ƙarshe sai da faifan ya sayar da kusan 16,000. A bayan kwalinsa sun rubuta sau nawa aka maimaita ɗaukar kowace waƙa da abin da aka ƙara a kanta daga baya. Wannan ɗan rubutun ya yi aiki ba kaɗan ba, domin kafin nan matasa suna ɗauka buga faifai wani sirri ne da yake a kulle a ofisoshin Landan.

A shekarar dai, The Desperate Bicycles na Landan suka ƙara tona asirin. Fam 153 suka kashe gaba ɗaya: awa uku a situdiyo, bugun kwafi 500, da kwalaye. A ƙarshen waƙarsu guda mawaƙin yana gaya wa mai sauraro cewa abin da sauƙi, da araha, shi ma ya je ya yi nasa. A 1978 Scritti Politti suka buga lissafin kuɗin faifansu na farko a jikin kwali, tare da bayanin wuraren da suka yi musu kowane aiki, don duk mai so ya bi sawu. A wurina waɗannan kwalaye sun fi yawancin waƙoƙin da ke cikinsu tasiri.

To amma buga faifai daban, kai shi hannun mai saye daban. A nan ne Rough Trade ya shigo, kuma shi ne kamfanin da nake so ka fi duba da kyau. Shago ne Geoff Travis ya buɗe a 1976 a titin Kensington Park Road da ke yammacin Landan, yana sayar da punk da reggae. Yaran da suka buga faifansu da kansu sai su shigo da kwali a hammata, su ajiye a kan kanta, a ɗora ɗaya a kan garmaho a saurara nan take, in ya yi a karɓi wasu kwafi. Daga nan shagon ya fara aika kaya ta gidan waya, ya fara ba wasu shaguna sari. A 1978 ya fara fitar da nasa faya-fayan, na farkon na wata ƙungiyar Faransa ce, Métal Urbain. A 1979 kundin Inflammable Material na Stiff Little Fingers, 'yan Belfast, ya kai lamba 14 a jerin cinikin Birtaniya, ya sayar da sama da 100,000. 

Yarjejeniyar da Rough Trade ke yi da makaɗa ita ce ta zama abin koyi. Kamfani zai fitar da kuɗin ɗauka da bugu da talla. In faifai ya sayu, a fara cire abin da aka kashe, ribar da ta rage a raba biyu daidai, rabi na makaɗa, rabi na kamfani. Kuma faifai ɗaya-ɗaya ake magana, babu ɗaure mutum shekara biyar. A babban kamfani kuwa ɗan kaso kaɗan ake ba mawaƙi daga kuɗin kowane kwafi, kuma daga wannan ɗan kason nasa ake cire kuɗin situdiyo da kafin-alƙalamin da aka ba shi, sannan asalin ɗaukar ta zama mallakin kamfani. Shi ya sa za ka ga mawaƙi ya sayar da dubbai amma takardar kamfani tana nuna bashi ake bin sa. Tsarin raba-daidai yana da nasa raunin. Tun da babu igiya a wuyan kowa, da zarar ƙungiya ta yi suna sai babban kamfani ya zo da kuɗi ya ɗauke ta. Stiff Little Fingers sun koma Chrysalis cikin shekarar da kundinsu ya fito, Scritti Politti suka koma Virgin a 1983. Ƙaramin kamfani ya yi wahalar raino, wani ya zo ya kwashi amfanin.

Babban aikin da Rough Trade ya yi shi ne hanyar rarraba kaya. A farkon shekarun 1980 ya haɗa kai da wasu shaguna na sassan ƙasar suka kafa gamayyar da suka kira Cartel: Red Rhino a York, Probe a Liverpool, Revolver a Bristol, Backs a Norwich, Fast Forward a Edinburgh, da Nine Mile a tsakiyar Ingila. Kowa yana tattara kayan yankinsa yana tura wa sauran. Da wannan, yaron da ya buga faifai 500 a Leeds zai iya ganin kayansa a shagon Bristol ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Ga kuma John Peel a gidan rediyon BBC yana sa irin waɗannan faya-fayai da dare, ga jerin ciniki na musamman na kamfanoni masu zaman kansu da aka fara wallafawa a Janairun 1980. Duk wanda ya san zamanin da dillalan kaset na Ƙofar Wambai a Kano ke riƙe da kasuwar finafinai da waƙoƙin Hausa zai gane lamarin nan da nan: wanda ke riƙe da hanyar kai kaya shaguna, shi ke riƙe da kuɗin kowa, in ya yi tuntuɓe kowa ya faɗi. Haka kuwa aka yi. A 1991 sashen rarrabawa na Rough Trade ya karye da bashin ƙananan kamfanoni masu yawa a wuyansa, kamfanin waƙar ma ya bi shi, duk da cewa shi ya fitar da fitacciyar ƙungiyar The Smiths. Sai a 2000 Travis ya sake tada shi tare da Jeannette Lee.

Labarin Factory na Manchester ya fi kowane daɗin bayarwa, amma ni ina ganin gargaɗi ne kafin ya zama abin koyi. Tony Wilson, mai gabatar da shirye-shirye a talabijin na Granada, shi da Alan Erasmus suka kafa shi a 1978, da gadon da Wilson ya ci daga mahaifiyarsa aka buga faifan farko. Hannett ne mai sarrafa sauti, Peter Saville mai tsara kwalaye. A Yunin 1979 suka fitar da Unknown Pleasures na Joy Division, kwafi 10,000 a bugun farko. Baƙin kwali ne, da wasu fararen layuka a tsakiya waɗanda zanen siginar wani tauraro ne, babu sunan ƙungiya a gaba, babu hoton kowa. Babu babban kamfanin da zai yarda da irin wannan kwali, kuma yau yana cikin zane-zanen da aka fi sani a duniyar waƙa. Komai nasu lamba suke ba shi: fastar taronsu ta farko ita ce lamba 1, gidan rawar da suka buɗe a 1982, Haçienda, lamba 51, har akwatin gawar Wilson a 2007 an ba shi lamba 501. Kundin farko na The Durutti Column kuwa, a 1980, da takardar goge katako aka yi masa kwali.

A Maris 1983 suka fitar da Blue Monday na New Order, wanda ya zama faifan waƙa guda mai inci 12 da ya fi kowane ciniki a tarihi. An yanka kwalinsa da ramuka don ya yi kama da faifan kwamfuta na wancan zamani, kuma labarin da ya shahara shi ne tsadar kwalin ta sa suna asara a kan kowane kwafi na bugun farko. Daga baya dai sai da aka sauƙaƙa kwalin. Kuɗin da New Order suka kawo kuma, Haçienda ta yi ta lashe su. Da bashi ya kai musu iya wuya a 1992, kamfanin London Records ya zo zai saye su, sai aka tarar babu abin sayarwa, domin tun farko ƙa'idarsu ita ce makaɗa ke da mallakin waƙoƙinsu, kamfani ba shi da komai. A Nuwamban 1992 Factory ya rufe. Ina girmama wannan ƙa'ida, kuma ita ta sa New Order suka fita da kayansu a hannu. Abin da ba na yaba musu shi ne sakaci da lissafi, domin ba Wilson kaɗai ya ji jiki ba. Ma'aikata da ƙananan ƙungiyoyi da masu bin bashi duk sun kwana a ciki.

Waɗanda suka daɗe su ne masu haƙuri da taka-tsantsan. Daniel Miller ya ɗauki waƙoƙi biyu a ɗakinsa da ƙaramin injin kiɗa na lantarki ƙirar Korg, ya kafa kamfanin Mute a 1978 don kawai ya fitar da su, Rough Trade suka rarraba masa. Da Depeche Mode suka zo hannunsa, musafaha kawai suka yi a kan raba riba biyu, suka yi shekaru a haka, kuma kuɗinsu ne ya ɗauki nauyin masu kiɗan da ba sa sayuwa. A Washington, Ian MacKaye da Jeff Nelson sun kafa Dischord a 1980 da dala 600 da ƙungiyarsu ta tara. Kwafi 1,000 suka buga, suka zauna da almakashi da gam suna yanka kwalaye suna liƙawa da hannu. Makaɗan garinsu kawai suke fitarwa, farashinsu a ƙasa, kuma har yau kamfanin yana nan. A Ingila, 'yan ƙungiyar Crass sun riƙa buga farashi a jikin kwali, suna gargaɗin mai saye kada ya biya fiye da haka, don mai shago kada ya tsawwala.

Wani lokaci ma nasara ce ke kashe ƙaramin kamfani. 99 Records ɗan shago ne a New York, na Ed Bahlman, shi ya fitar da ƙungiyoyin ESG da Liquid Liquid. A 1983 kamfanin Sugar Hill ya ɗauki salon bas na waƙar Cavern ta Liquid Liquid ya gina waƙar White Lines a kai, waƙar ta ci kasuwa. Bahlman ya kai ƙara ya yi nasara, amma Sugar Hill ya karye kafin ya biya, wahalar shari'ar kuma ta tafi da 99.

Yanzu bari in nuna maka yadda ake yin faifan, domin a nan za ka ga dalilin 300 da 500. Bayan an gama haɗa sauti, ana kai shi wurin mai yanka. Yana da inji mai allura da ke sassaƙa zaren sauti a kan farantin alminiyon da aka shafe da wani laushin fenti. Faranti guda na gefe guda ne. Daga nan a kai shi masana'anta, a fesa masa azurfa, a tsoma shi a ruwan nikel da lantarki har ƙarfe ya kama jikinsa, a ɓare, a sami hatimi. Sai a ɗaura hatimi biyu a injin bugu, sama da ƙasa, a sa curin roba mai zafi a tsakiya tare da takardun suna, inji ya matse, ruwa ya sanyaya, a datse gefe. Kimanin rabin minti ke fitar da faifai guda. Kuɗin yanka da na hatimi duk ɗaya ne ko kwafi 100 za ka buga ko 1,000. In ka buga 100, kowane kwafi ya yi tsadar da ba mai saye. In ka buga 2,000 ba ka da masu saye, kuɗinka ya kwanta a kwalaye a ƙarƙashin gado. Tsakanin 300 da 500 ne farashin kwafi ke sauka inda za a iya sayarwa, asarar kuma in ta zo ba za ta kashe mutum ba.

Kafin a buga duka, masana'anta tana aiko da 'yan kwafin gwaji masu farar takarda a tsakiya, babu suna. Mai kamfani zai zauna ya saurari kowane gefe daga farko har ƙarshe, ba ya taɓa waya, yana kasa kunne ko allura za ta yi tsalle, ko akwai wani ƙas da ke dawowa a wuri guda a kowane zagaye. In ya ji shi a kwafi ɗaya kawai, ƙura ce. In ya ji shi a wuri guda a duk kwafin, aibin a hatimi yake, sai an sake. Da zarar ya ce ya amince, duk abin da ya fito nasa ne. In faifai ya shigo hannunka, karkata shi wajen haske ka dubi santsin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Za ka ga lambobi da aka karce da hannu, wani lokaci da ɗan saƙo. Akwai wani mai yanka a Landan, George Peckham, wanda ke sa hannu da laƙabin Porky a wurin, kuma sunan nan yana jikin faya-fayan post-punk masu ɗimbin yawa.

Faifan kansa yana tilasta wa makaɗi tsari. Babba mai inci 12 yana ɗaukar kimanin minti 20 a kowane gefe kafin sauti ya fara raguwa. Bas mai nauyi yana cin fili, kuma waƙar da ke kusa da tsakiya ba ta fita da tsabtar ta bakin faifai. Dole mutum ya zaɓi abin da zai buɗe kowane gefe da abin da zai rufe shi. Ban yarda da masu cewa faifai ya fi kowace hanya ingancin sauti ba, domin a ma'auni faifan CD ya fi shi tsabta. Abin da faifan garmaho ya fi su shi ne yana sa mutum ya zauna ya ji abu har ƙarshe, kuma kiɗan da ba ya shiga kunne a ji na farko wannan zaman yake bukata.

Ga lissafin yau. Yawancin manhajojin sauraro suna biyan ƙasa da santi ɗaya na dala a kowane ji. Tun Afrilun 2024 kuma kamfanin manhajar Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba ta kai ji 1,000 a cikin wata 12 ba, wato daidai irin waƙoƙin da kake tambaya a kai. Faifai guda da aka sayar hannu da hannu a teburin bakin ƙofa bayan wasa, ko ta shafin Bandcamp wanda ke cire kashi 10 cikin 100 a kan kayan da ake aikawa, yana kawo abin da sai an saurari waƙa sau dubbai kafin a samu. Yawancin kamfanonin nan kuma sukan buɗe oda tun kafin kaya su fito, da kuɗin masu oda ake biyan masana'anta. Su kansu masu kamfanonin, da yawa suna da wani aikin da suke ci da shi, ɗakin kwanansu ne sito, su ne masu naɗe kaya, su ne masu layi a gidan waya.

Dawowar faifai kasuwa ba alheri zalla ba ce gare su. A 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, CD miliyan 33, karon farko da garmaho ya wuce CD tun 1987. Amma wa ya riƙe masana'antun bugu a shekarun 1990 da 2000, lokacin da manyan kamfanoni suka juya wa faifai baya? Ƙananan kamfanonin punk da na kiɗan rawa ne. Da kasuwa ta farfaɗo, manya suka dawo da odar dubbai, mai 500 ya koma ƙarshen layi. A 2021, shekarar da aka buga wa fitacciyar mawaƙiya Adele kwafi kusan 500,000 na kundinta, ƙananan kamfanoni sun yi ta jiran watanni da yawa, har ƙungiya ta gama zagayen wasanninta faifan da za ta sayar a hanya bai iso ba. Kafin nan, a Fabrairun 2020, gobara ta cinye masana'antar Apollo a California, ɗaya daga cikin biyu kacal a duniya da ke yin farantin yanka, aka bar MDC ta Japan ita kaɗai. Tun a Agustan 2011 ma an ga irin wannan rauni, lokacin tarzomar Landan, da aka ƙona rumbun Sony na Enfield inda kayan kamfanoni masu zaman kansu sama da 150 ke ajiye. Manya-manyan cikinsu sun sake bugawa. Ga mai tsohon faifan da ke sayuwa ɗaya-ɗaya, sake bugawa ba ya biyan kansa, kayan sun tafi ke nan.

Duk da haka ana ta yi. A kudancin Landan, Dan Carey da abokansa sun kafa Speedy Wunderground a 2013 da doka mai tsauri: a ɗauki waƙa a yini guda, a haɗa sautinta washegari, a buga ƙaramin faifai kwafi 250. Daga wannan ɗaki ƙungiyoyin Black Midi da Squid da Black Country, New Road suka fito. Wasu kuma aikinsu tono ne. Minimal Wave ta Veronica Vasicka a New York tun 2005, da Dark Entries na Josh Cheon a San Francisco tun 2009, suna bin sawun kaset da faya-fayan shekarun 1980 da aka manta, su nemo masu su, su sake fitarwa da izini. Molchat Doma na Minsk a Belarus, masu waƙa da Rashanci, wani ɗan ƙaramin kamfani a Berlin, Detriti, ya buga musu kundin Etazhi a 2018. A 2020 suka koma Sacred Bones na Brooklyn, waƙarsu guda ta bazu a TikTok, suka shiga zagaya duniya. Wani ne ya fara sa kuɗinsa a kansu tun babu wanda ya san su a waje.

Harkar ta taɓo mu ma. Christopher Kirkley na Portland a Amurka ya tattara waƙoƙi daga katin wayoyin mutane a arewacin Mali, ya nemo masu su, ya fitar da su a faifai a 2011 a ƙarƙashin Sahel Sounds. A ciki akwai waƙar Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar, daga kundinsa na farko da ya ɗauka a Sakkwato a 2008 da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Daga nan tafiyarsa ta miƙe har ya kai kamfanin Matador a Amurka. A 2013 kamfanin dai ya sake fitar da kiɗan ogan na Mamman Sani, wanda aka ɗauka a Yamai a 1978 a kan kaset, kiɗan da mutanen Nijar suka daɗe suna ji a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri. A shekarar kuma ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, a kan faifan garmaho.

Ina murna da wannan, amma akwai abin da ke damuna. Faifan Mamman Sani ya fi sauƙin samu a Berlin fiye da Yamai, kuma in ka haɗa farashinsa da kuɗin aikowa da canjin kuɗi, ya fi ƙarfin yawancin waɗanda kiɗan ya fito daga cikinsu. In ya iso ma sai ka yi hattara, domin zafinmu yana lanƙwasa shi: a tsaye ake ajiye shi, a inuwa, kada a bar shi a mota ko na awa ɗaya. Saboda haka in wani kamfani irin wannan ya nemi wani mawaƙi da ka sani, a tambaye shi kwafi nawa zai buga, me da me zai cire kafin a raba riba, kuma duk wata nawa zai riƙa aiko da lissafi. A tambaye shi ko izinin ya haɗa da sa waƙar a fim ko talla, domin sau da yawa kuɗin can ya fi na faifan. A nemi a ware wa mawaƙin nasa kwafin da zai sayar da kansa. Sannan a rubuta a takarda wa ke da mallakin asalin ɗaukar, da shekarar da izinin zai ƙare kayan su dawo hannun mai su.